Idan Motar Dizal Ta Ƙi Tashi Da Sanyin Safiya: Yadda Ake Canza Hita Fulogi A Gida

Da zarar hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, akwai wata ƙara da duk mazaunin zango ya sani. Ƙarar motar dizal ce da asuba, ana murɗa makulli tana gurnani tana ƙin tashi. A Agadas, Damagaram, Maraɗi, Ngaundere ko Tamale, labarin ɗaya ne. An ɗaure kaya tun dare, kasuwar da za a ci sau ɗaya take ci a mako, ga mota ta ce ba ta san zancen ba. Sai a taso yara daga barci su tura, ko a je a buga wa maƙwabci ƙofa ya ba da aron batir. Kafin a isa, masu sammako sun kama wuri, ciniki ya yi nisa.

Sau da yawa abin da ya jawo wannan wahala bai fi tsawon biro ba. Kanikawan Najeriya da Gana suna ce masa hita fulogi, na Nijar, Kamaru, Cadi, Benin da Togo kuma buji firishofaj, ko buji kawai. A yawancin motocin da muke hawa, mutum zai iya canza shi a ƙofar gida cikin awa ɗaya ko biyu. Sai dai akwai sharaɗi guda, kuma shi ne dalilin wannan rubutu: aikin ba na ƙarfi ba ne. Wanda ya sa ƙarfi, fulogin ya karye a cikin kan inji, ya mai da aikin yini guda ya koma na mako, kuɗin kuma ya ninka sau da yawa.

Mene ne aikinsa?

Injin fetur yana da fulogin da ke ba da tartsatsi ya kunna mai. Injin dizal, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tayar da na farkonsa mai aiki sosai a 1897, ba ya amfani da tartsatsi ko kaɗan. Fistan ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya feso mai a cikinta, man ya kama da kansa. Duk wanda ya taɓa ba keke iska ya ji yadda gindin famfon ke ɗumi, to ya san sirrin. Tsofaffin injina suna matse iskar har ta koma kusan kashi 1 cikin 20 na girmanta.

Matsalar ita ce da safe ƙarfen inji ya kwana a sanyi. Zafin da matsewar ta haifar, sai ƙarfen ya shanye shi kafin mai ya kama. A nan ne hita fulogi ke shigowa. Kowace silinda tana da guda ɗaya, tsininsa yana leƙe a inda man ke fesowa. Idan ka murɗa makulli rabi, kafin ka tayar, wuta daga batir tana shiga cikinsa, tsinin ya yi jajir, zafinsa ya kai digiri 850 zuwa 1,000. Wannan fitila mai kamar naɗaɗɗiyar waya da ke kamawa a gaban direba, ita ke gaya maka ana ɗumamawa. A tsofaffin motoci sai ka jira sakan 10 zuwa 20 ko fiye, a sababbi kuwa sakan 2 zuwa 5 sun isa. Motoci da yawa ma suna barin hitar a kunne bayan inji ya tashi, wasu har minti 3, don rage hayaƙi da jijjiga.

Injinan da suka fi dogara da shi su ne irin waɗanda suka cika tashoshinmu: Toyota Hiace da Hilux masu inji 2L, 3L da 5L, Land Cruiser mai 1HZ, Peugeot 504 da 505 na dizal, 405 da Partner masu inji 1.9 na da, da tsofaffin Mercedes irin 190D da 240D. A waɗannan, man yana fara kamawa ne a wani ɗan ƙaramin ɗaki a cikin kan inji, kuma ɗakin yana saurin zubar da zafi. Shi ya sa ko a Kwatano da babu sanyin kirki, idan hita biyu suka mutu za ka ji a jikin mota. Sababbin injina masu fesa mai kai tsaye, irin HDi da TDI da D-4D, suna iya tashi a zafinmu ko da hita ta mutu, har mai motar bai sani ba sai ranar da ya kwana a Agadas, inda sanyin dare a Janairu kan sauka kusa da digiri 10.

Ka tuna kuma yawancin motocinmu na hannu ne, waɗanda suka shigo ta tashar ruwan Kwatano ko Lome bayan sun yi shekaru a Turai. Can hita tana aiki tuƙuru rabin shekara, ga gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara yana sa ƙarfe tsatsa. Wata motar tun da ta fito daga kamfani ba a taɓa kwance fuloginta ba.

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar

Alamun mutuwar hita a bayyane suke. Mota tana wahalar tashi da safe kawai, da rana kuwa murɗa ɗaya take kamawa. Idan ta tashi sai ta yi ta karkarwa, farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal yana fita, bayan minti ɗaya ko biyu ta daidaita kamar ba ita ba.

Idan kuwa ko da zafinta tana wahalar tashi, kada ka ɓata kuɗinka a kan hita. Nemi matsalar a filtar mai, ko iska ta shiga layin mai, ko famfo, ko inji ya gaji ba ya matsewa. Idan inji yana juyawa a hankali kamar mai jin yunwa, batir ne ko sitata. Baƙin hayaƙi a wannan lokaci na ƙura, fara duba matatar iska. Farin hayaƙin da ba ya yankewa kuma ruwan lagireto yana raguwa, wannan zancen gasket ne, na bakanike ne.

Gwajin hita ba ya buƙatar kwancewa. Fitilar gwaji ta isa, wato ƙwan mota da aka haɗa wa waya biyu. Gwaji biyu za ka yi.

Na farko, shin wuta tana isowa? Kama waya ɗaya a jikin inji, ɗayar ka taɓa siririn ƙarfen ko wayar da ta haɗa kawunan fulogin. Sa yaro ko uwargida su murɗa makulli rabi, da sanyin inji. Idan ƙwan ya kama, wuta na zuwa. Idan bai kama ba, laifin na babban fis ne ko rile, kuma ko ka sa sababbin fulogi guda goma babu abin da zai canza.

Na biyu, wanne ne ya mutu? Kashe makulli, cire abin da ya haɗa kawunansu don kowanne ya tsaya shi kaɗai. Kama waya ɗaya a kan batir mai alamar +, ɗayar ka taɓa kan kowane fulogi bi da bi. Wanda ƙwan bai kama a kansa ba ya tsinke a ciki. Mai mitar gwada wuta ya fi samun tabbaci: lafiyayyen fulogi yana nuna kusan om 1, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, kuma duka su yi kusa da juna. Wanda ya bambanta da 'yan'uwansa sosai, shi ne.

Idan ɗaya ya mutu, ka canza duka. Tare aka ɗaura su, tare suka tsufa, saura ma suna hanya.

Sayen sabo

Mu 'yan kasuwa ne, mun san araha ba ta ado. Kayan mota akwai su a ko'ina: Suame Magazine a Kumasi, Abossey Okai a Akara, Camp Yabassi a Duwala, Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano. Sunayen da aka sani a wannan fanni su ne Bosch, Beru, NGK da Denso. Amma suna a kwali ba shi ne komai ba, domin duk abin da ke da kasuwa ana yin jabunsa. Je wurin wanda ka sani, wanda zai karɓi kayansa idan bai yi ba. Fulogin jabu ba saurin mutuwa kaɗai ne aibinsa ba. Tsininsa na iya kumbura ya maƙale, ko ya guntule ya faɗa cikin silinda.

Abu uku za ka duba: lambar da ke jikin tsohon, tsawonsa, da ƙarfin wutar da aka rubuta masa. Wannan na ukun mutane ke rainawa. Tsofaffin motoci masu batir 12V galibi fuloginsu 11V ne. Sababbi da yawa suna amfani da 4.4V, 5V ko 7V, kwamfutar mota ce ke auna musu wuta. Wasu Land Cruiser da manyan motoci kuma tsarin 24V ne. Ka sa mai 5V a inda ake ba da 12V kai tsaye, zai ƙone nan take. Ka sa na 24V a ƙaramar mota, ba zai yi zafin kirki ba. Don haka kada ka yarda mai shago ya ɗora irin masu ƙaramar wuta a kan batir wai don ya nuna maka suna ja. Kamar ya ƙone maka kaya ne kafin ka biya. Akwai kuma masu tsinin tangaran a sababbin motoci. Waɗannan ko faɗuwa ɗaya suka yi a kan siminti, kada ka ɗaura.

Aikin yana farawa kwana uku kafin ranar

Wannan shi ne wurin da ake cin riba ko a yi asara. Fulogin ƙarfe ne, kan inji kuma a motoci da yawa alminiyam ne, ga tsatsa a waje, ga dattin hayaƙi da ya daskare a kewayen tsinin, wanda kanikawa ke kira kabon. Shekaru sun haɗa su kamar an yi walda. Jikin fulogin kuwa siriri ne, cikinsa rami, ba kamar notin taya ba ne da za ka hau da ƙafa.

Sayi man fesawa mai sassauta tsatsa, irin WD-40 ko makamancinsa. Kowace yamma idan ka dawo, inji ya ɗan huce amma da sauran ɗumi, fesa a gindin kowane fulogi. Ka yi haka kwana uku, idan motar ta tsufa ƙwarai har mako guda, kana ci gaba da hawanta. Zafi da sanyi ne ke jan man zuwa ciki.

Zaɓi ranar da kyau. Kada ka taɓa inji ana gobe tafiya, kada kuma ka fara ranar da shagunan kayan mota da garejin garinku ke rufe. Fara da safe, yadda idan abu ya cije akwai sauran rana.

Kayan aiki ba su da yawa: doguwar soket, galibi lamba 8, 10 ko 12 gwargwadon mota, ƙaramar sifana 7 ko 8 don notin kai, filaya, tsumma, tocila, guntun tiyo na roba, da famfon iska ko da na keke ne. Idan za ka iya samun aron sifana mai awon ƙarfi, wadda ke yin ƙas idan ta kai inda aka saita ta, to ka samo. Ita ce ke raba mai sa'a da mai sani.

Kwancewa

Zaga da motar minti 15 zuwa 20 har inji ya yi zafinsa na aiki. Alminiyam ya fi ƙarfe saurin buɗewa da zafi, don haka ramin yana ɗan saki. Tsaya a wuri mai lebur, ja birkin hannu, zare makulli ka sa a aljihu. Cire wayar batir mai alamar −. Kada ka tsallake wannan, domin wayar hita tana ɗaukar wuta mai yawa, sifana ta taɓa inda bai kamata ba sai tartsatsi. Sa safar hannu, inji da zafi. Yara ƙanana su koma gefe, babban ya riƙe maka tocila.

Ɗauki hoton wurin da wayarka kafin ka taɓa komai. Sannan ka hure ƙurar da ke kewayen kowane fulogi. Ƙurar hunturu idan ta faɗa ramin, cikin silinda za ta. Shimfiɗa tsumma a ƙasa don ƙananan notuna, ka cire su, ka ɗage ƙarfen da ya haɗa kawunan.

Yanzu sa soket ta zauna daram, a miƙe da fulogin, kada ta karkace. Murɗa hagu da hannu ɗaya, a hankali, ba fizga. Kada ka ƙara wa hannun sifana bututu don ƙarin ƙarfi. Masu ƙera fulogi sun faɗi iyakar da yake karyewa: mai kauri milimita 8 wajen 20 Nm, mai 10 wajen 35 Nm, mai 12 wajen 45 Nm. Wannan ƙarfi kaɗan ne, notin taya ya ninka shi sau biyu ko uku har fiye. Idan kana da sifana mai awo wadda ke aiki ta hagu, saita ta ƙasa da wannan iyaka. Ta yi ƙas fulogi bai motsa ba, tsaya.

Idan ya motsa amma yana kuka yana cijewa, kada ka zarce. Kwance rabin zagaye, mayar kwata, fesa mai, jira, sake. Gaba da baya, gaba da baya, har ya saki. Wani fulogin minti ɗaya zai ɗauka, wani rabin awa. Wani kuma haƙoransa za su fita duka amma ya ƙi zarowa, saboda kabon ya riƙe tsinin ko tsinin ya kumbura. Fesa mai, kama da filaya, riƙa juyawa kana ja sannu a hankali. Kada ka sa ƙarfe ka ɓamɓaro shi.

Wanda ya ƙi motsi gaba ɗaya, bar shi. Mayar da wayoyi, ci gaba da fesa mai da hawan mota wasu kwanaki, ka sake gwadawa. Idan har yanzu ya ƙi, kai wa bakanike. Mota mai sababbin hita uku da tsohuwa ɗaya za ta tashi ta kai ka kasuwa. Mota mai karyayyen fulogi kuwa sai an nemo mai kayan haƙowa na musamman, in ba a dace ba a sauke kan inji gaba ɗaya, a sayi sabon gasket, mota ta yi kwanaki a gareji. Garin neman gira kada a rasa ido.

Tsohon fulogi yana magana

Jera su a kan kwali yadda suka fito, na farko zuwa na ƙarshe, ka dube su. Tsini mai baƙin hayaƙi kawai, tsufa ne. Tsinin da ya narke ko ya zaizaye yana nuna nozul ɗin wannan silinda yana ɗiga ko yana fesa mai ba daidai ba, ko an saita famfo ya yi gaba. Idan ba a gyara ba, sabon ma haka zai ƙare. Tsinin da ya kumbura ko ya fashe alamar wuta ta yi yawa ce: ko rile yana maƙalewa bai yanke wuta, ko an taɓa tayar da motar da batir ɗin babbar mota mai 24V.

Idan ka ga tsinin ya guntule babu shi, kada ka tayar da injin. Guntun na iya kasancewa a ciki, kuma fistan ya buge shi ɓarna ce babba. Kira bakanike ya zo har gida.

Ɗaurawa

Kwatanta sabo da tsoho gefe da gefe. Idan ramin ya cika da kabon, akwai wani ƙarfe na musamman da ake share shi, ana shafa masa giris don ya kwaso dattin ya fito da shi. Kanikawan dizal suna da shi, ka aro. Kada ka cusa ƙusa ko waya. Wasu kamfanoni suna da giris na musamman mai jure zafi da ake shafawa kaɗan a haƙoran fulogi don kwancewar gaba ta yi sauƙi, wasu kuma sun ce nasu a ɗaura a bushe. Bi abin da ke kwalin. Giris na yau da kullum dai kada ya je wurin.

Fara ɗaurawa da yatsu. Idan wurin ya yi zurfi, cusa kan fulogin a guntun tiyo ka murɗa da shi. Idan ya hau haƙora a karkace, tiyon zai zame maimakon ya lalata ramin. Ya kamata ya shiga salin alin kusan har ƙarshe. Sai sannan ka sa soket. Mai milimita 8 wajen 10 Nm, mai 10 wajen 15 Nm, mai 12 wajen 22 zuwa 25 Nm, sai dai in kwalin ya faɗi wani abu dabam. In babu sifana mai awo, da ya zauna ka ɗan ƙara kaɗan da wuyan hannu, shi ke nan. Matsewa da yawa tana lalata shi tun kafin ya fara aiki. Ƙaramin notin kai ya fi komai laushi, ɗan taɓawa ya ishe shi, in ka matsa sai ka murɗe sandar da ke ciki. Goge bakin wayoyin su yi haske, mayar da komai yadda yake a hoto, haɗa batir.

Gwajin gaskiya ba ranar ba ne, tunda inji da ɗuminsa. Sai washegari da asuba.

Inda ya kamata ka janye hannu

A wasu sababbin motoci fulogin yana ɓoye ƙarƙashin bututun shigar iska ko bayan bututan mai. Idan sai ka kwance bututan ƙarfe na nozul kafin ka kai gare shi, bar wa masu sana'a. A injinan zamani matsin man da ke ciki yana wuce ba 1,500, feshinsa na iya huda fata. Haka kuma a motoci irin Volkswagen, idan fitilar hita tana ƙiftawa kana cikin tafiya, ba lallai hita ba ce. Kwamfutar mota ce ke cewa akwai matsala a wani wuri, sai an sa na'ura an karanta.

Dabarun tasha masu kashe inji

Mun sha gani ana buɗe matatar iska a fesa maganin sauro, ko a kanga tsumma mai fetur, wai don mota ta kama. Takan kama, amma da wace riba? Waɗannan abubuwa suna kamawa da wuri tun fistan bai kai sama ba, musamman idan suka haɗu da jan tsinin hitar da ke da rai. Wannan bugun da kake ji kamar guduma, ringi da fistan ne ke shan sa. Wuta ma na iya dawowa ta baki ta ƙona mai fesawar. Ita ma doguwar murɗa makulli ba ta da kyau. Sitata ba a yi ta don ta yi ta juyawa ba. Sakan 10 zuwa 15, ka saki, ka ba ta rabin minti ta huta. Wanda ya ƙi sayen hita, ƙarshenta batir da sitata zai saya, kuma hitar tana nan tana jiransa.

Ka koya wa duk mai taɓa motar, direba ne, ɗanka ne ko uwargida, ya jira fitilar ta mutu kafin ya tayar. A tsohuwar mota ranar da sanyi ya tsananta, a kunna a jira, a kashe, a sake kunnawa, sannan a tayar. Idan ta tashi kada a taka totur da ƙarfi, a bar ta minti ɗaya mai ya zaga.

Mafi kyawun lokacin yin duk wannan shi ne Oktoba ko farkon Nuwamba, kaka ta yi, sanyi bai sauko ba. Gwajin fitila minti goma ne. Lokacin ba ka cikin matsi, kana da kwanakin da za ka jiƙa fulogi da mai, kana da damar bari ka dawo gobe idan ɗaya ya cije. Wanda ya jira sai ranar da mota ta ƙi tashi, kaya a sama, shi ne gaggawa ke sa ya ɗauko bututu ya ƙara wa sifana.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.